Tsawa ta ƙona mini inbata, kuma ina zargin wutar solata ta ragu: ina neman shawara kafin marka

Mai shagon caji, ƙasar Gumel:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shago a bakin kasuwar ƙauyenmu inda nake cajin waya, ga firiza biyu da nake sanya ruwan leda da lemo, kuma daga shagon na ja waya a kan turaku zuwa masallaci da gidaje uku, tsawonta ya kai mita 150. Farantan sola takwas gare ni, kowanne wat 450, an jera su huɗu-huɗu a kan ƙarafa a bayan shagon, tazararsu da ɗakin inbata kamar mita 25 ce, sai batiran ruwa huɗu masu am 200. A ruwa na uku na daminar nan hadari ya taso daga gabas da la'asar, tsawa ta faɗa a kan wata giginya da ke gefen gonaki. Ba ta taɓa shagon ba, ba ta taɓa farantan ba, amma a daidai wannan lokacin na ji ƙara a cikin inbata, sai ƙauri ya cika ɗakin. Na kai ta Kano aka sauya mata allon ciki, sai dai tun da aka mayar da ita wutar ba ta kai yadda take a da ba, domin firiza da take kai ni asuba yanzu kafin ƙarfe biyu na dare ta ɗauke. Wanda ya haɗa mini ya ce laifin gajimare ne, kuma in sayi tanda aresta, wato ƙarfen nan mai tare tsawa, a kafa a saman ƙarafan, magana ta ƙare. Ta yaya zan tabbatar ko wutar ta ragu da gaske, kuma shin ƙarfen da yake faɗa ya isa ya kare ni?

Injiniya, Dutse:
Wa'alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Kafin a ɗora wa gajimare laifi, yunit nawa farantan suke ba ka a rana kafin tsawar, kuma nawa suke ba ka yanzu?

Mai shagon caji, ƙasar Gumel:
Gaskiya, Injiniya, ban taɓa rubutawa ba. Abin da nake dubawa kawai shi ne hoton batir da ke fuskar inbata, idan ya cika na san an samu rana.

Injiniya, Dutse:
To a nan matsalar farko take, kuma yawancinmu haka muke yi. Hoton batirin nan ƙiyasi ne da inbata ke yi daga bolt, ba awo ba ne. Abin da ake aunawa shi ne yunit, wato kilowat ɗaya da aka sha na tsawon awa ɗaya, irin wanda mitar wutar gari ke lissafawa. Farantanka takwas sun ba da wat 3,600 a takarda. A Kano da Jigawa hasken yini guda yakan kai kwatankwacin awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana, don haka a takarda kana da yunit 20 ko kusa da haka. Amma wat 450 da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a ɗakin gwaji, farantin yana da zafin digiri 25, alhali a bazara jikinsa yakan haura digiri 60, kuma kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi yana rage masa kusan kashi ɗaya bisa uku na kashi ɗaya cikin ɗari. Idan aka haɗa da ƙura da asarar da ake yi a waya da cikin inbata, abin da mutum zai sa rai da shi a rana mai haske shi ne yunit 14 zuwa 16.

Akwai wani tarko kuma. Idan batir ya cika da ƙarfe ɗaya na rana, kwantirola takan rage abin da take ja daga farantan, saboda haka lambar da za ka gani ta abin da aka karɓa ce, ba ta abin da farantan za su iya bayarwa ba. Ranar da kake son gwada ƙarfinsu, ka kunna firiza biyun da duk kayan shagon da tsakar rana, sannan ka duba wat nawa ke shigowa. Ka sayi littafi ɗan shafi arba'in, kullum bayan magariba ka rubuta kwanan wata, da yunit ɗin da fuskar inbata ta nuna, da yanayin sama a kalma ɗaya. Da kana da wannan littafin tun bara, da yau ba ka da gardama da kowa.

Tsohon ma'aikacin lantarki, Wudil:
Yaro, Allah ya kiyaye gaba. Ni ta wayar ƙasa zan fara tambayarka, domin na shafe shekaru ina hawa turakun lantarki kafin in yi ritaya, kuma ban taɓa ganin kariyar da ta yi aiki ba tare da ƙasa mai kyau ba. Me aka kafa maka a ƙasa, kuma mene ne aka haɗa da shi? Mu a zamaninmu rami ake haƙawa, a kafa sandar jan ƙarfe, a zuba gishiri da gawayi, a bi da ruwa. Sannan idan ka ga hadari ya haɗo, ka kashe komai ka zare wayoyi, wannan ba ya buƙatar ko sisi.

Mai shagon caji, ƙasar Gumel:
Baba, na je na tona na gani. Guntun rodi ne da bai kai tsawon hannu ba, ya yi tsatsa, an naɗe masa siririyar waya an kai ta jikin inbata. Ƙarafan da ke ɗauke da farantan ba a haɗa su da komai ba.

Malamin kimiyya, Gaya:
Bari in amsa abin da na san yana damun mai tambaya, wato yadda tsawar da ta faɗa a kan giginya ta shigo masa ɗaki. Saukar tsawa ɗaya takan ɗauki am kusan 30,000, mai ƙarfi kuwa takan kai 200,000, kuma wannan wuta tana tashi ne a cikin ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Duk wutar da ta canza da irin wannan sauri tana haifar da wata wutar a cikin kowace doguwar waya da ke kusa, ko da ba su taɓa juna ba, kamar yadda taransifoma ke aiki. Wayarka ta mita 150 da ke rataye a kan turaku, da ta mita 25 da ke zuwa daga farantan, su ne suka kwaso bolt dubbai suka kai wa inbata, ita kuwa kayan cikinta bolt ɗaruruwa aka yi su su jure. Mafi yawan ɓarnar da tsawa ke yi wa kayan sola ta wannan hanya take zuwa, faɗowa kai tsaye a kan faranti ba ta da yawa. Bireka da fis da sitabilaiza ba sa hana wannan, domin kafin su motsa abin ya riga ya wuce. Saboda haka ƙarfen da za a kafa a sama ba zai hana abin da ya same ka ya sake faruwa ba, aikinsa dabam ne.

Mai haɗa sola, Haɗeja:
Malam, bayaninka ya yi, amma a yi mana adalci mu masu sana'ar. Idan ka kawo wa mai aiki lissafi da kuɗin sandar ƙasa da wayar jan ƙarfe da SPD, wato na'urar da ke kare kaya daga hauhawar bolt, su yake fara sokewa, ya ce a ƙara masa faranti da kuɗin. Bayan haka ni ban yarda a raina tanda aresta ba. Na kafa su a wurare da yawa a ƙauyukan nan namu, da gishiri da gawayi kamar yadda Baba ya faɗa, kuma har yau babu wanda ya kira ni ya ce tsawa ta yi masa ɓarna.

Injiniya, Dutse:
Abokina na Haɗeja, maganarka ta farko gaskiya ce, na sha fama da ita. Ta biyun ce nake da ja a kai. Kai kana aiki ne a ƙasar fadama, laka mai riƙe danshi, inda sanda ɗaya ma takan ba da sakamako mai kyau. Mai tambaya yana ƙasar Gumel, rairayi ne, irin jigawar da jihar ta samo sunanta daga gare ta, kuma busasshen rairayi ba ya karɓar wuta da sauƙi. Ƙa'idar kariyar tsawa ta duniya, IEC 62305, ta so turjiyar ƙasa ta kasance ƙasa da om 10, kuma ba a sanin haka da ido ko da gwajin ƙwan fitila. Akwai na'urar awon ƙasa mai turaku biyu da ake kafawa a jere nesa da sandar, ita ke ba da lambar. Lokacin da ya fi dacewa a auna shi ne watan Maris ko Afrilu, domin ruwan farko yakan zo da tsawa mai yawa, ya tarar da ƙasa a bushe ƙayau, kuma awon da aka yi a watan Agusta yaudarar kai ne.

Gishiri yana saukar da lambar a watannin farko, ban musa ba, amma ruwa yana wanke shi, kuma kafin ya tafi ya ci sandar da mahaɗinta. Abin da ya fi ɗorewa shi ne bentonait, lakar nan da masu haƙa rijiyar burtsatse ke amfani da ita, tare da sanduna uku ko huɗu masu rufin jan ƙarfe, a bar tazarar da ta kai ninki biyu na tsawon sanda tsakanin kowace da 'yar uwarta, a haɗa su da waya mai kauri a cikin ƙasa. Game da tanda aresta kuwa, ban raina ta ba. Ina tsoron wadda aka ɗaure a jikin ƙarafan farantan, aka sauko da ita da siririyar waya zuwa guntun rodi, domin wannan ta gayyato wutar ta kuma rasa inda za ta kai ta sai cikin wayoyin sola. Idan za a kafa ta, a ba ta nata turken nesa kaɗan da farantan, ta fi su tsawo, a inda inuwarta ba za ta faɗa musu ba, ta sauko a miƙe da jan ƙarfe mai kaurin milimita 50 murabba'i, sannan a haɗa ƙasarta da ƙasar sauran kayan a ƙarƙashin ƙasa, komai ya zama ƙasa ɗaya.

Idan kuɗi bai isa a yi duka lokaci guda ba, a fara da ƙasa da haɗa ƙarafa da firam ɗin farantan da ita da waya mai kaurin milimita 16 murabba'i. Bayan nan sai SPD, ƙaramar na'urar da ke zaune shiru har sai bolt ya haura iyaka, sannan ta buɗe masa hanya zuwa ƙasa. Tunda tazarar farantan da inbata ta wuce mita 10, ana buƙatar ta DC, wato ta irin wutar da farantai ke bayarwa, a wajen farantan da wata a wajen inbata, sai ta AC, wato ta irin wutar da inbata ke fitarwa, a inda doguwar wayar nan ke fita. Wayoyin da ke haɗa ta kada jimillarsu ta wuce rabin mita. Ƙarfen sama shi ne na ƙarshe a wurin mai tambaya.

Mai haɗa sola, Haɗeja:
Na karɓi maganar bambancin ƙasa, domin ban taɓa aiki a rairayin arewa ba. Amma bentonait ma idan ta bushe takan tsage ta rabu da sanda, don haka ni zan ƙara da cewa a kafa sandunan inda ruwa ke zuba kullum, kamar magudanar wurin alwala ko bakin tankin ruwa. Kuma a haɗa wayar ja da baƙa ta farantan su tafi manne da juna a bututu ɗaya, kada ɗaya ta bi gabas ɗaya ta bi yamma su zagaye fili, domin faɗin filin da suka zagaye shi ne yawan abin da za su kwaso.

Hajiya mai ƙanƙara, Ringim:
Ƙanena mai shago, ni a kan mita zan ba ka labari tunda kai ma kana ba maƙwabta wuta. Na ja wa gidaje biyu a kan kuɗin wata, da sharaɗin fitila da fanka kawai, sai batirina ya riƙa mutuwa da wuri, kowa yana rantsuwa ba shi ba ne, har zumunci ya fara tsami. Ɗana ya sayo ƙananan mitoci irin waɗanda ake jerawa a akwatin bireka, aka sa ɗaya a kan kowane gida, ɗaya a kan firizojina. A mako guda muka gano cewa gidajen biyu gaba ɗaya ba sa shan rabin abin da tsohuwar firizata guda ɗaya ke sha, saboda robar murfinta ta saki. Na ji kunya, na kuma ba su haƙuri. Yanzu kowa yunit ɗinsa yake biya. Tambayata ga Injiniya ita ce, mutanen unguwa suna cewa duk gidan da ya kafa wannan ƙarfe yana janyo wa maƙwabta tsawa, shin gaskiya ne?

Malamin kimiyya, Gaya:
Hajiya, ƙarfen ba ya kiran tsawa daga nesa. Tsawar da ta riga ta nufo wurin, wadda da za ta faɗa a kan rufi ko bishiya a cikin 'yan mitoci goma-goma, ita yake tarewa ya ba ta hanya. Tun ƙarni na 18 ake amfani da shi, bayan gwajin da Benjamin Franklin ya yi a Amurka a 1752. Abin lura kawai shi ne kada yara su zauna ko a ɗaure dabba a gindinsa lokacin hadari.

Injiniya, Dutse:
Labarin Hajiya ya kawo mu rabin awon da ya rage. Mita uku ke ba da cikakken hoto: abin da ya shigo daga farantan, abin da ya shiga batir ya fita, da abin da kaya suka sha. Na farko inbata na nunawa, na uku mitar da Hajiya ta ambata ce, a nemi mai daraja ta 1, wato kuskurenta ba ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari. Na tsakiya ana auna shi da shant, wata ƙaramar na'urar awon wuta da ake sawa a baƙar wayar batir. Batiran mai tambaya huɗu suna ɗaukar yunit 9.6 a takarda, kuma batirin ruwa rabinsa ake so a sha, wato ƙasa da yunit biyar. Ita kanta inbata mai wannan girma takan sha wat 40 zuwa 60 ko ba a kunna komai ba, wanda ya kai yunit ɗaya ko fiye a kwana. 

Sakataren kwamitin ruwa, ƙasar Kazaure:
Mu rijiyar burtsatse ta gari ce tsawa ta ƙona wa kwantirola shekara biyu a jere, kuma a karo na biyu mai gyara ya nuna mana cewa ta siririyar wayar da ke zuwa daga saman tanki, mai kashe famfo idan ruwa ya cika, wutar ta shigo. Mun gyara ƙasa mun sa SPD, sai ɓarayi suka yanke jan ƙarfen da ke saukowa daga hasumiyar tankin, ba mu lura ba sai bayan wata biyu. Yanzu mun sa shi a bututu mun shafe gindin da siminti, kuma mun ɗora wa mai gadin rijiyar ya riƙa duba shi duk Juma'a, ya duba tagar SPD ko tana nan kore, ya rubuta lambar mitar ruwa. Idan tagar ta koma ja, na'urar ta mutu, sai a sauya, ko da wuta tana tafiya lafiya lau.

Tsohon ma'aikacin lantarki, Wudil:
Na ji hujjar Injiniya a kan gishiri, ban gamsu duka ba, domin wanda ke sabunta shi duk shekara ba ya kuka da shi. Amma zan gyara maganata ta zare waya: a yi ta tun hadari yana nesa. Da zarar an fara walƙiya a kusa, kada wanda ya taɓa waya ko ƙarfe, inbata ba ta kai rai ba.

Malamin kimiyya, Gaya:
Haka ne, Baba. Sauti yana cin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, saboda haka idan tsakanin walƙiya da rugugin bai kai daƙiƙa 30 ba, tsawar tana cikin kilomita 10, a shiga ɗaki, kuma a jira minti 30 bayan rugugi na ƙarshe kafin a fita duba farantai. Kashe makunni kaɗai ba ya isa, domin wutar da ta ratso sararin sama ba za ta kasa tsallake ɗan gibin makunni ba, sai an raba wayar gaba ɗaya. Kuma wanda tsawa ta buga, Allah ya kiyaye, babu wutar da ta rage a jikinsa, kada a tsaya neman nonon da za a zuba masa kamar yadda aka saba faɗa, a duba numfashinsa nan take a garzaya da shi asibiti.

Mai shagon caji, ƙasar Gumel:
'Yan uwa, na dawo da sakamako. Na samu wani ma'aikaci mai shaidar NEMSA, hukumar da ke duba ingancin ayyukan lantarki, ya zo da kayan awo jiya. Ya kashe komai, ya raba layukan farantan biyu, ya auna kowanne da tsakar rana: ɗaya bolt 181, ɗayan 150. Guntun rodin kuma ya ba da om 86, duk da ruwan da aka yi shekaranjiya. A kwana biyar da na fara rubutu, ranar da ta fi kyau yunit 9 na samu.

Injiniya, Dutse:
To gajimare ya fita daga zargi. A cikin akwatin da ke bayan kowane faranti akwai dayod uku, kowanne yana tsaron kashi ɗaya bisa uku na farantin, kuma idan tsawa ta narkar da ɗaya ya haɗe, wannan kason ya fita daga aiki, bolt kusan 15 ya tafi. Gibin bolt 31 yana nuna dayod biyu ne suka mutu a layi na biyu. Tunda layukan biyu a haɗe suke, mai rauni yana janyo mai lafiya ƙasa, har wuta na iya komawa cikinsa da baya ta ɗumama shi. Kada a mayar da shi sai an auna farantansa huɗu ɗaya bayan ɗaya an gano masu laifin. Idan akwatin yana buɗuwa, dayod ɗin kawai za a sauya, idan kuwa an cike shi da roba sai an sauya akwatin duka. Kada a zare mahaɗin faranti wuta tana gudana a ciki.

Mai shagon caji, ƙasar Gumel:
Na gode ƙwarai. Ma'aikacin ya ba ni shawarar in binne doguwar wayar ko in cire ta, kuma zan zauna da dattawan masallaci a kan haka bayan sallar Juma'a, domin kuɗin wayar binnewa ya fi ƙarfina ni kaɗai. A kasuwa na ga SPD ta DC mai bolt 500 da mai 1,000, mai shago ya ce babbar ta fi kariya. Wacce zan ɗauka?

Injiniya, Dutse:
Ɗauki mai 500. Layinka da sanyin safiya bai wuce bolt 200 da 'yan kai ba, kuma abin da ake bukata shi ne lambar SPD ta fi wannan da aƙalla kashi 20 cikin ɗari. Mai 1,000 ba za ta buɗe ba sai bolt ya yi nisa sosai, ta bar wa inbata kaso mafi girma. Ka tabbatar an rubuta DC ko PV a jikinta, nau'i na 2, mai kilo'am 20 zuwa 40, kuma kada a sa ta AC a gurbinta, domin wutar DC idan ta kama tartsatsi ba ta mutuwa da kanta. Bayan an kafa sababbin sandunan ka sa a sake awo a gabanka, ka rubuta lambar a bangon littafin, sannan ka kira shi ya maimaita a watan Afrilu.